Kasko a Gaban Kwamfuta

Wata Litinin da hantsi kwamfutar ɗana ta ƙi nuna hoto. Ya kunna ta kamar kullum, fitilunta suka kama, ta yi gurnaninta, amma allon ya tsaya baƙi ƙirin. Ina falo ina jin sa yana kashewa yana kunnawa. Da abin ya ishe ni na leƙa, na same shi durƙushe a bayan tebur, rigarsa ta fita tana sharar ƙasa.

Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa. Tun da ya gama karatun zanen gine-gine nake ce masa Injiniya. Ya sha gaya mini ba haka ake kiran masu aikinsu ba, ni kuwa ban fasa ba. Ya haura talatin, yana da ofis a cikin gari, amma babban aikinsa a gida yake yi, a ɗakin karatun marigayi mahaifinsa, nan gidanmu na Nassarawa GRA. Kwamfutar ba irin wadda ake sawa a jaka ba ce. Ta tebur ce, baƙin akwati mai tsayin jarkar ruwa, yana zaune a ƙasa gefen ƙafar tebur, allon yana sama. A cikin akwatin akwai wani abu da suke kira katin hoto. Shi ke ɗaukar nauyin zane, ya mayar da layuka su zama gida mai bango da inuwa da bishiyoyi, har ka rantse an gina shi ne an ɗauki hotonsa. In babu katin, kwamfutar za ta rubuta wasiƙa, amma ba za ta yi aikin da aka saye ta dominsa ba.

Wannan bayanin duk daga baya na iya shi. Ni ban taɓa zama a aji ba sai da na shekara arba'in da uku, a makarantar manya ta yamma can Kaura Goje, autata tana sakandare ni ina koyon baƙi da wasali. Abu biyu na fito da su daga wurin ban da karatu. Na farko littafin rubutu, da ba na rabuwa da shi. Na biyu, in aka ce mini abu kaza haka yake, sai na ce a nuna mini. Shekara arba'in ana karanta mini takarda ana gaya mini abin da aka ga dama, ya isa.

Injiniya ya zare wayar allon daga jikin katin ya mayar da ita wata kafa da ke sama. Hoto ya fito, amma manya-manya, kamar rubutun ɗan koyo. Ya buɗe wani jeri inda kwamfutar ke lissafa duk abin da ke cikinta. Ya duba sama ya duba ƙasa. Katin ba ya ciki. Ya ce kwamfutar ba ta ganinsa ko kaɗan, kamar ba a taɓa sa shi ba, alhali ga shi nan ta gilashin gefen akwatin muna kallonsa.

Sai ya miƙe ya tambayi wa ya shiga ɗakin.

Mutum ɗaya ce ke shiga, Iya. Daga wani ƙauye take a Jigawa, ta girme ni da kaɗan, shekararta goma sha biyu tana aiki a gidan. Ni ma ina shiga, duk Juma'a ina turara ɗakin kamar yadda nake yi tun mai ɗakin yana raye. Amma in an tambayi wa ya shiga wuri, ba a lissafa uwa. Shi bai lissafa ni ba, ni ma ban lissafa kaina ba.

Iya tana da nata salon wanke ɗaki, kuma mun daɗe muna faɗa a kansa. Ba ta yarda da sandar goge-goge ba, ta ce shafa datti ce kawai daga wannan bango zuwa wancan. Ita sai ta kwara ruwa da garin sabulu, ta dirje da tsintsiya, ta koro ruwan waje, sannan ta bi da tsumma. Ranar Asabar haka ta yi wa ɗakin karatun. Da aka kira ta ba ta ɓoye ba. Ta ce ta ɗaga akwatin ta ɗora kan kujera, ta wanke, da ƙasa ta bushe ta mayar da shi.

Da a ɗaki ya yi maganar da sauƙi. Amma ya makara, yana da ginin da zai je dubawa a Dutse kwana biyu, don haka yana tafiya yana faɗa, Iya tana bin sa da jakarsa. A bakin mota ya ƙarasa, direba yana riƙe da ƙofa, maigadi yana tsaye ya buɗe get. Ya ce ta jiƙa masa kwamfuta, ya gaji da aikin ƙauyanci, ƙarshen wata ta koma gida. Iya ta sa jakar a mota, ta ce Allah ya ba shi haƙuri, Allah ya kiyaye hanya.

Wanda bai zauna a unguwar nan ba zai ɗauka ba ma jin labarin juna, don katanga ta yi tsawo kuma kowa a mota yake fita. Mu masu gidajen ne ba ma ji. Masu gadi da direbobi da masu girki sun fi 'yan cikin gari sanin abin da ke tukunyar maƙwabci. Kuma ta hannunsu ake ɗaukar aiki. Ba wanda ke ɗaukar mai aiki daga titi. Sai dai ka gaya wa maigadinka, shi ya tambayi na gaba, a kawo maka wadda aka san ta, tare da tarihinta kaf. Wadda aka sallama da sunan ɓarna, a shekarun Iya, ta gama aiki a unguwar nan ke nan, kuma da aikin take riƙe kanta da 'yarta wadda mijinta ya rasu. Kafin azahar mai girkin gidan da ke jikinmu ta san an zuba wa injin ruwa. Kafin la'asar labarin ya girma, wai Iya ta sa kwamfuta a baho ta wanke ta da soso.

Na same ta a ɗakinta na baya tana ninke zannuwa tana sawa a babbar jakarta mai zif. Na ce wata bai ƙare ba, sauran kwana goma sha ɗaya. Ta ce ta sani, tana rage aiki ne.

"Zazzage su," na ce.

"Hajiya, mai gida ya yi magana."

"Mai gida yana maƙabarta shekara shida. Wancan ɗana ne."

Ba ta zazzage ba, amma ta daina ninkewa.

Kada a ɗauka na yarda ba ita ba ce. A raina na fi karkata ita ce. Na ga yadda ruwanta ke tsalle in tana dirza, ya taɓa lalata mini ƙafar kabad. Da an nuna mini ruwa a cikin akwatin nan da na yi mata faɗa irin wanda ba ta taɓa ji ba. Abin da ban yarda da shi ba kawai shi ne a kori mutum a kan akwatin da ba wanda ya buɗe.

Akwai wani malami da ya koya mana riƙe linzamin kwamfuta a makarantar manya, ranakun Asabar. Dattijo ne mai farin gemu, asalinsa mai gyaran rediyo da talabijin ne kafin zamani ya tura shi gaba. Na kira shi ya ce zai zo gobe bayan azahar. Na kira Injiniya na gaya masa. Ya ce kada a taɓa masa kaya, mai gyaran rediyo bai san wannan ba, in ya dawo zai kai ta inda ya saya. Na ce ba izini na kira nema ba, sanarwa ce. Na kashe.

Malam ya zo Talata a kan babur ɗinsa, da ƙaramar jakar fata. Na sa Iya ta kawo tabarma ta zauna a bakin ƙofar ɗakin. Ta ce tana da wanki. Na ce wankin ya jira, shari'arta ake yi. Na jawo kujera na buɗe littafina, na ja layi na raba shafin biyu, gefe ɗaya abin da aka gwada, gefe ɗaya abin da aka gani.

Bai taɓa akwatin ba sai da ya yi tambayoyi. Yaushe ta yi aiki na ƙarshe, an ɗauke wuta tana kunne, an ji ƙauri. Ya sa Iya ta nuna yadda ta ɗaga. Ta tashi ta rungumi iska kamar mai ɗaukar jariri, ta nuna kujerar da ta ɗora shi. Ya ce a kashe take lokacin? Ta ce a kashe, har soket ta kashe, don tana tsoron wuta da ruwa. Ya gyaɗa kai.

Ya fara da wayar allon. Ya ciro tasa daga jaka ya sa a jikin katin. Baƙi. Na rubuta. Ya mayar da ita kafar sama, hoto ya zo, ya duba jerin nan da Injiniya ya duba, babu kati. Ya kashe ya kunna yana danna wani maɓalli da sauri-sauri, har wani shafi ya fito wanda ban taɓa gani ba, rubutu zalla. Ya ce nan ne kwamfuta ke ƙirga gaɓoɓinta tun kafin ta farka sosai, in a nan ma ba ta ga katin ba to ba matsalar manhaja ba ce, jiki ne. A nan ma babu. Na rubuta: jiki ne.

Ya zare wayar wuta daga bango, ya danna maɓallin kunnawa ya riƙe, wai don sauran wutar da ke ciki ta fita. Ya kwantar da akwatin a kan tebur, ya kwance noti biyu da sukundireba, ya zame murfin gefe.

Ƙamshi ya fito. Malam ya ɗan ja baya, ya sake matsowa ya shaƙa.

"Hajiya, kwamfuta kuka ba ni gyara ko ɗakin amarya?"

Na ce gidana ne, ko'ina haka yake, ya yi aikinsa. Har a lokacin ban kawo komai a raina ba.

Ya kunna tocila ya bi ƙasan akwatin lungu-lungu. Ya ce ruwa ba ya shiga wuri ya fita bai bar shaida ba, ko farin zane kamar na gishiri, ko tsatsa, ko kore-kore a jikin ƙarfe. Ya kira ni na duba da idona, na sa tabarau na sunkuya. Babu ko ɗaya. Na rubuta: ba ruwa. Na karanta da ƙarfi don ta bakin ƙofa ta ji. Ba ta ɗago ba.

Akwai wata waya mai kauri da ke kai wa katin wutarsa. Ya taɓa ta, tana zaune daram. Ya mayar da wuta ya auna da mita, ya ce wuta tana isowa yadda ya kamata. Ya sake zarewa. Sannan ya kwance notin da ke riƙe da katin, ya danna wani ɗan makulli na roba a gindinsa, ya zaro shi a hankali. Abu ne mai nauyi, tsawonsa ya kusa kamu biyu, da fankoki biyu a cikinsa. Da ya ajiye shi zai ɗauke hannu, yatsunsa suka yi ɗan ƙara, irin ta wanda ya taɓa alewar da ta narke.

Ya juya fankar farko da yatsa. Ta tafi da ƙyar ta tsaya. Ta biyun ko motsi. Ya karkato katin wajen taga na ga abin da ke jiki, wani ɗanko ne ruwan ƙasa, ya lulluɓe fukafukan, ya kama zare-zaren kafet da gashi ya cushe duk ƙofofin da iska ke bi. Ya nuna mini gindin katin, inda wasu 'yan haƙora suke jere, waɗanda ke shiga cikin ramin su haɗa shi da sauran kwamfutar. Ya ce kalar zinare ya kamata su kasance. Waɗannan sun dafe kamar haƙoran mai cin goro.

Ya goge hannu, ya tambaya a hankali ko akwai mai shan sigari a ɗakin. Na ce a gidan nan? Ya nemi afuwa. Ya ce irin wannan ɗankon a shagunan mashaya sigari yake ganinsa, hayaƙi ne, amma wannan ya fi nasu kauri kuma ga ƙamshi. Ya ce in dai turaren wuta ne da ake yi a ɗaki, bai taɓa ganin ya kai haka ba, sai dai in a bakinta ake ajiye kaskon.

Na rufe littafin.

A bakinta nake ajiyewa. Duk Juma'a in Injiniya zai tafi masallaci sai ya bar kwamfutar a kunne tana haɗa masa hotunan gini, aikin da ke ɗaukar awa biyu ko uku, fankokinta suna ta gudu. Lokacin nake shiga da kasko. Wata rana, kimanin shekara biyu kafin nan, na ajiye shi kusa da akwatin don in gyara labule, sai na ga hayaƙin ya lanƙwasa ya nufi gaban akwatin, yana shiga ta ramukan ragar yana fita ta baya. Na tsaya ina kallo. A satin nan na lura duk lokacin da aka kunna kwamfutar, iskar ɗumin da take fitarwa tana zuwa da ƙamshi, har Alhamis ɗakin bai huce ba. Ƙamshin da mai ɗakin yake so ne, kuma tun rasuwarsa ba ya wuce kwana biyu a ɗakin. Daga ranar na mayar da shi aiki. Ina tura kaskon har sai ya kusa taɓa ragar, in ƙara turare sau biyu, in ɗauke kafin a sauko daga masallaci. Har daɗi nake ji na gano dabara. Na taɓa koya wa wata ƙawata.

Malam ya tambayi me da me ke cikin turaren. Na lissafa masa, don da hannuna nake haɗawa: itacen sandal, hawi, farce, turarukan mai kala huɗu, sai sukari da ake narkawa a juye a kai don ya kama. Da na ce sukari ya ɗaga hannu. Ya ce to shi ke nan, mai da sukari nake ba ta tana shaƙa shekara biyu.

Na ce ya gaya mini gaskiya, ɗagawar da Iya ta yi tana da hannu ko babu. Ya ce ba zai rantse ba. Katin yana da nauyi, dama ya ɗan sunkuya, ɗagawar tana iya sa shi ya gusa kamar kaurin gashi. Amma in haƙoran suna da tsabta, a ɗaga shi sau ɗari ba abin da zai faru. Ya ce da fanka ɗaya a mace da ɗaya tana jan ƙafa, ko ba wanda ya taɓa akwatin ba zai kai sallah ba. Na buɗe littafin na rubuta yadda ya faɗa, ban rage ba ban ƙara ba.

Gyaran ya ci fiye da awa. Ya ciro kwalbar sifirit da auduga, ya ce a ba shi tsohon burushin haƙori. Ya kwance murfin katin ya dinga wankewa, auduga tana shiga fara tana fita kamar an tsoma ta a shayi. Ina karɓa ina tarawa a faranti. Da ya zo kan haƙoran ya laluba jaka bai samu abin da yake nema ba, ya ce ko akwai magogin fensir a gidan, fari mai laushi. Na ciro nawa daga cikin littafin, wanda nake goge kuskurena da shi. Ya bi haƙoran da shi ɗaya bayan ɗaya, zinaren ya fara fitowa. Ya fesa wani abu a cikin ramin, ya ce a bar su su bushe. Ya fita ya yi la'asar a bakin get, mu ma muka yi tamu.

Da ya dawo ya zaunar da katin a raminsa, ya danna har aka ji ƙas. Ya ɗaura noti, ya mayar da wayar wuta, ya sa wayar allon a jikin katin, ya yi bismilla ya kunna. Allon ya ɗan yi shiru, sai hoto ya fito, ƙanana tas yadda na saba gani. Ya buɗe jerin. Ga sunan katin nan a wurinsa. Fanka ɗaya tana juyawa, ɗayar ta mutu ke nan, ya ce sai an sauya ta, kuma kada a ba kwamfutar aiki mai nauyi kafin nan. Ya ce ba zai yi alkawarin tsawon ran katin ba, ya sha zafi da yawa.

Bayan ya tafi na tsayar da Iya tana naɗe tabarma. Ita ke hura mini garwashin duk Juma'a, ita ke riƙe mini ƙofa in shiga da shi. Na ce ta san inda nake ajiyewa. Ta ce ta sani. Ta ce ba ta san hayaƙi yana kashe inji ba, amma ta daɗe tana ganin gaban akwatin yana yin danƙo, da ƙasan da ke gabansa, tsumma ba ya fitar da shi sai an dirje. Shi ya sa take ɗaga akwatin duk Asabar. Na ce me ya hana ta faɗi haka jiya a bakin mota.

"In ce masa uwarsa ce, Hajiya? A gaban direba?"



Laraba da azahar Injiniya ya dawo. Na bar shi ya ci abinci. Na kai shi ɗakin na kunna kwamfutar da kaina, na miƙa masa littafin ya karanta, na ajiye masa farantin audugar a gabansa. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina. Ya ce, "Umma, shekara biyu?" Na ce har da wata uku. Ya so ya yi dariya ya so ya yi fushi, bai samu ko ɗaya ba. Na ce ni na lalata masa kaya, da jahilcina da kuma jin na iya, ya yi haƙuri. Bai taɓa jin na ba shi haƙuri ba, ya rasa inda zai sa idonsa.

Ya tashi ya ce bari ya je kicin ya ga Iya. Na ce ba a kicin ya yi maganar ba.

Ya gane abin da nake nufi, ya ce haba, ya za a yi ya je ya tsaya a gaban masu gadi yana ba mai aiki haƙuri, ai zai ba ta a ciki, magana ta wuce. Na ce maganar da ta wuce ita ce tasa, ta wuce katanga huɗu tun Litinin, kuma haƙurin cikin kicin ba ya tsallake katanga. Na ce in kunya yake ji ya biyo bayana, ni zan fara.

Akwai darbejiya a wajen get ɗinmu inda masu gadi da direbobin gidajen layin suke haɗuwa su yi la'asar, su zauna a benci bayan sallah. Shekarata ashirin da wani abu a gidan, ban taɓa tsayawa a wurin da ƙafata ba, sai dai in wuce a mota a gaishe ni ta gilashi. Na jira suka idar, na yafa mayafi na fita da farantin a hannu. Mutum bakwai ne ko takwas. Suka miƙe gaba ɗaya, wani har ya zubar da shayinsa.

Na ce su zauna. Na ce na ji labarin an wanke kwamfuta a baho, na zo in gyara musu shi. An buɗe akwatin a gabana, babu ɗigon ruwa. Abin da ya toshe ta turarena ne, da nake kai mata har baki duk Juma'a, ga shi nan a faranti duk mai so ya shinshina. Na ce Iya ba ta taɓa ɓata mini komai ba ban da ƙafar kabad ɗaya, kuma duk wanda ya kai wancan labarin wani gida ya kai wannan ma, da ƙafar da ya kai na farko.

Suka dubi farantin. Sai wani tsohon maigadi Bakatsine, na gidan da ke kallonmu, ya miƙo hannu ya karɓi farantin ya kai hanci. Ya ce, "To Hajiya, in ma ta mutu ai ta mutu cikin gata." Suka yi dariya, ni ma na yi.

Injiniya yana bayana. Ya yi gyaran murya ya ce ya yi magana cikin fushi ranar Litinin ba tare da ya bincika ba, Iya ba ta da laifi, kuma tana nan a gidan in ta yarda ta zauna. A sandare ya faɗa, kamar mai karanta sanarwa. Amma ya faɗa, direban da ya riƙe masa ƙofa ran nan yana wurin. Daga nan ya shiga ya same ta a kicin. Ban bi shi ba, ban san me suka ce ba. Na dai ji ta ce masa ya tashi, durƙuson me, ai gida ɗaya ne, a hannunta autar gidan ta girma.

Labarin baho bai mutu gaba ɗaya ba, ya fi nawa daɗin faɗa. Amma bayan sati uku Hajiyar gidan da ke kallonmu ta aiko maigadinta ya tambaya ko Iya tana da 'yar'uwa mai irin aikinta. Da wannan na san sunan ya koma wurinsa. Jakar kuwa ba rana ɗaya ta zazzage ta ba. Duk abin da ta buƙata sai ta ciro, ba ta mayarwa, a haka har ta zama fanko.

An sauya fankar. Katin yana nan yana aiki har yau. Iya ba ta daina kwara ruwa ba, sai dai yanzu Injiniya ne ke ɗaga akwatin da kansa ranar Asabar kafin ya fita. Juma'a kuma kashe ta yake yi, ya rufe ta da zane. Ina turara ɗakin daga tsakiya, ƙamshin ba ya wuce Lahadi, ya koma yadda yake a da.

Iya ce dai ke hura garwashin. Takan kawo kaskon bakin ƙofa ta tsaya, ba ta miƙo mini sai ta tambaya ko an kashe. In na ce an kashe, sai ta leƙa ta duba da idonta, sannan ta ba ni.